'Yar Tagar Leƙe da Goshin Kurciya

Litinin, 3 ga Maris

Lafiyar gida. Maigida gwiwarsa ta sake motsawa, tun safe yana ɗingishi yana cewa ba komai. Ni idona na hagu yana ruwa. Jikata Kurciya lafiya lau, ta ci, ta sha, ta yi barci, ta zubar min da gishiri. Uwarta kuwa, Autata, tana can makarantar koyon jinya, ban san lafiyarta ba sai abin da ta faɗa, ita kuma kullum maganarta ɗaya, lafiya ƙalau Inna.

Malamar ajinmu na manya ta ce kowacce ta riƙa rubuta abin da ya same ta don hannu ya saba. To ga shi. Da furfura a kaina na shiga ajin nan, don in riƙa karanta saƙon Auta da idona, ba sai na kai waya maƙwabta an karanta min cikin gidana ba. Yau na karanta wanda na so a ce ban iya karatun ba.

Wai, "Inna, me ya sa hotunan Kurciya na kwanan nan duk ba a ganin kanta? Wani abu ya same ta ne?"

Na maimaita shi har harafin ya fara rawa. Me zai same ta? A hannuna?

Talata, 4 ga Maris

Bari in rubuta yadda abin yake, ko zuciyata ta yi sanyi.

Da Auta za ta tafi, mijinta yana can wajen aikin hanya, aka rasa inda za a bar yarinya. Uwar mijin, wadda muke ce wa Hajiyar bene, ta so a kai mata. Auta ta ce a'a, wajen Innata. Ta bar min yarinya, ta bar min 'yar kyamararta mai kamar sabulu, tunda wayata ta dannawa ce, ba ta ɗaukar hoto. Duk mako in ɗauka, in kai wa mai shagon hoto na bakin titi, ya zare ɗan katin da hotunan ke ciki ya tura mata.

Kyamarar nan hanya biyu gare ta. Akwai gilashi a baya mai nuna abin da ke gabanka, yara na ce masa sikirin. Akwai kuma 'yar tagar leƙe a sama, wadda ake kara ido. Auta ta ce in yi da gilashin. Na gwada. A tsakar gida rana ta buga shi ya koma baƙi, ba na ganin komai sai fuskata tana hararata. In na miƙa hannu don in gani, hannun ya yi ta rawa. Batir kuma kamar ana shan sa da ludayi. Rannan sai ya fito da wani rubutu na yaren da ban karanta ba, da hoton kwandon shara a gefe, gabana ya faɗi, na ce yanzu zan share yarinyar duka. Na danna maɓallin da ke kashe shi, ya mutu, na bar shi a mace.

'Yar tagar kuwa, in na kara idona, na manna kyamarar a goshi, hannu ya tsaya cak. Ba rana, ba rubutu. Daga ni sai Kurciya. Kuma ina ganin ta tun daga kitso har haɓa. Da idona. To wane kai ne ba a gani?

Maigida ya ce, "Ƙila kan ne ya yi wa kyamarar girma, irin na danginku." Ban kula shi ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Na wanke ta, na shafa mata mai, na taje gashin na kama mata gida biyu. Na zaunar da ita kan kujerar roba. Tunda kai ake nema, na matso har tana miƙo hannu za ta kama kyamarar. Na cika tagar da kan nan tam, ba bango, ba kujera. Na ɗauka, na ɗauka, na ɗauka.

Na kai shago. Na ce masa tura mata duka, ta ƙoshi da kai.

Juma'a, 7 ga Maris

Shiru. Ba saƙo. Kunya ce ta kama ta, na sani.

Asabar, 8 ga Maris

Ba kunya ba ce.

Ta kira da hantsi ina shanya. Ko gaisuwa ba ta gama ba sai kuka. Wai na wannan makon sun fi muni, daga gira zuwa ƙasa kawai, wani ma daga hanci. "Inna, don Allah ki faɗa min. Ƙuna ce? Faɗuwa ta yi? Ɗinki aka yi mata? A asibiti nake wuni, na san abin da ke samun yara."

Na ce ke, ni kike tambaya haka? Ni da na goye ki kina zazzaɓi na taka har asibiti ba takalmi? Ta ce ba haka take nufi ba. Na ce to yaya kike nufi? Na kara wa Kurciya wayar a kunne don ta yi mata magana, 'yar banzar yarinya ta lashe wayar ta ce "mota." Auta ta ce murya ba kai ba ce.

Murya ba kai ba ce! Karatu ya yi rana.

Na zauna a bakin rijiya. Kayan da na wanke na bar su cikin bokiti har azahar.

Lahadi, 9 ga Maris

Maigida ya ce mu ari babbar wayar matar maƙwabcinmu, a ɗauka a tura, magana ta mutu. Na ce sai dai bayan raina. Matar da in ta ji tari a gidanka kafin yamma layi ya san kana da ciwon ƙirji? In je in ce mata 'yata ba ta yarda da ni ba, zo ki yi min shaida? Ya ce to mai shago ya ɗauke ta da tasa. Na ce a'a. Ni aka ce na ɓoye, ni zan nuna.

Ya ce, "Taurin kai dai ba a ajin manya kika koyo shi ba, da shi na same ki."

Na ce ka ji da gwiwarka.

Litinin, 10 ga Maris

Hajiyar bene ta kira. Ita da ba ta kira na sai in an yi rasuwa.

Gaisuwa kamar zuma. Ina gajiya, ina ɗawainiya, ai riƙon yaro sai mai sauran ƙarfi. Daga nan ta sauko. Wai ɗanta ya gaya mata hankalin matarsa ba a kwance yake ba, karatun ma ya gagara. Wai ranar Asabar za ta turo mota, ita ma za ta biyo, su ɗauki Kurciya "ki ɗan huta, Yaya." Yaya! Yaushe na zama yayarta? Wai gidansu akwai mai aiki, akwai babbar waya, kullum uwar za ta riƙa ganin 'yarta tana motsi.

Na ce Auta ce ta ce haka? Ta ce ai ba ta ce a'a ba.

Wannan maganar ce na wuni ina juyawa. Ba ta ce a'a ba.

Kurciya ba ta san kowa a gidan can ba. Ba ta barci sai ta riƙe kunnena. Ba ta shan ruwa sai a kofin nan mai tsaga. Wa zai gaya musu? Mai aikin ce za ta ba ta kunne?

Ban je aji ba yau. Malama ta aiko tambaya, na ce ido ne.

Talata, 11 ga Maris

Na yi shiri na tafi shagon hoto da niyyar faɗa. Tun a hanya nake haɗa maganar. Na same shi yana manna wa wani hoto a takarda, na jira mutumin ya fita, don ni ba na tozarta mutum a gaban baƙo.

Na ce, ɗan nan, me na yi maka kake yanke wa jikata kai kafin ka tura?

Ya saki baki. Ya ce, "Ni, Mama? Wallahi yadda kika kawo haka nake turawa." Na ce to ba ka gani ne? Ya ce ya gani, ya ɗauka haƙoranta nake son nunawa. Haƙora! Na ce kai ko tambaya babu? Ya ce, "Mama, ranar da na ce miki a kunna gilashin, cewa kika yi in tsaya a kan aikina."

Na faɗa. Amma ba a nan maganar take ba.

Ya juyo min da kwamfutarsa. Na ciro tabarau na saka. Hotunan tsofaffin watanni, da nake ɗaukar ta daga nesa tana bin kaji, duk lafiya, ga kai ga ƙafa. Sai na kwanan nan, tun da Auta ta ce in riƙa matsowa tana son ganin fuska. Innalillahi. Baki, haɓa, wuya, riga. Na Alhamis ɗin nan kuwa, da na taje gashi na kama gida biyu, ko silin gashi babu. Hanci da kumatu kamar an leƙo ta ƙarƙashin ƙofa.

Ya ce wai tagar da nake leƙawa a sama take, idon kyamarar da ke ɗauka kuma yana ƙasa da ita, can gefe. Daga nesa kusan abu ɗaya suke gani. In an matso kowa nasa yake gani. Ya ce in ɗaga yatsa kusa da fuskata in rufe ido ɗaya, in buɗe in rufe ɗayan. Na ce ni ba wasan yara na zo ba. Ya ce gilashin baya shi ne ke nuna abin da idon kyamarar ke gani, shi ba ya saɓawa.

Na ce to wanda ya ƙera abin, don me ya sa taga in ƙarya za ta yi? Ya ce don rana, da batir, da masu rawar hannu. Na dube shi, ya sunkuyar da kai yana goge tebur.

A hanya, da na tabbata ba mai kallo, na gwada yatsan. Ya yi tsalle. Ɗan banzan yatsa.

Laraba, 12 ga Maris

Ban yarda da maganar shago ba sai na gwada a gidana. Na ɗora buta kan turmi, na matso, na leƙa ta taga, ga buta har murfi. Na ɗauka. Na sa Maigida ya nuna min maɓallin da na kashe tun tuni, ya ce shi ma bai sani ba, muka yi ta dannawa har gilashin ya farka. Buta ba murfi.

Na sake. Ba murfi.

Maigida ya yi dariya har ya riƙe gwiwa. "Kin yanke wa buta kai ita ma. A kira uwar buta a ba ta haƙuri."

Ni ban ga abin dariya ba. Abin da na sa wa ido na amince da shi ya yi ta nuna min cikakkiyar yarinya yana aika wa uwarta rabi. Haushin tagar nake ji, da mai shago, da wanda ya ƙera ta, da Auta da ba ta ce a'a ba. Duk da haka na ce to, gobe da safe a inuwa, da tabarau, zan ɗauki kan nan ta gilashi, lafiyayye sumul, in tura, kowa ya ji kunya.

Da yamma



Bayan la'asar ina tsince shinkafa, Kurciya ta ga mage ta bi ta da gudu. Ƙafarta ta harɗe da tabarma. Goshinta ya sami ƙafar teburin shayi. Ina zaune. Taku kaɗan tsakaninmu. Ina kallo.

Ta yi kuka, na yi kuka. Na danna mata tsumma mai sanyi. Na kai ta wajen mai kemis, ya haska idonta, ya tambaya ko ta yi amai, na ce a'a, ya ce kumburi ne kawai, zai saɓe, in dai lura da ita. Kafin mu dawo gida tana ta cewa "mage, mage" tana neman biskit.

Amma ƙululun yana nan. A tsakiyar goshi, sama da gira, kamar rabin ƙwai, ya fara yin shuɗi.

Watanni yarinyar nan a hannuna ko ƙwarzane babu. Sai yau. Sai makon nan.

Alhamis, 13 ga Maris

Lafiyar gida. Gwiwar Maigida da sauƙi. Idona ya daina ruwa, ko kuma na daina lura. Kurciya ta tashi da yunwa, ta ci burodinta ta ci nawa. Ƙululun ya ɗan sauka amma ya ƙara duhu, makaho ma zai gan shi.

Da safe muka yi ta shawara. Maigida ya ce a sa mata hula. Na ce uwar da ke neman kai za a tura wa hula? Ya ce to a jira ya saɓe. Na ce Asabar jibi ce, motar ba za ta jira ba. Yana juya shayi ya ce, ba ya kallona, "Ai yanzu kin san inda tagar take yankewa. Ki ɗan matso, ki sa gashin ya fito ta gefe, goshin ya tafi."

Ba zan ɓoye wa littafin nan ba, na riga shi tunawa. Tun asuba. Har na zaunar da ita, har na kara idona a tagar. Ga ta nan, da kitsonta da ƙululunta, tana min dariya. Na san in na danna daga nan ƙululun ba zai je ko'ina ba.

Sai na tuna fuskar kwamfutar nan ta shago. Baki, haɓa, wuya. Na ce a ce ni aka yi ta aiko wa hoton Auta haka, daga hanci zuwa ƙasa, mako bayan mako, ana ce min lafiya ƙalau. Ai da tuni na hau mota ko da kayan barci ne. Ita kuka kawai ta yi.

Ba wai na ce ta kyauta ba. Ba ta kyauta ba.

Na sauke kyamarar daga goshina. Na ja kujerar zuwa inuwar ɗakin girki inda rana ba ta kai wa gilashin. Na sa tabarau. Hannu ya fara rawarsa, na jawo turmi na kifa shi na dafa gwiwar hannuna a kai, ya tsaya. Rubutun yaren nan ya fito a gefe, na ce masa yi ta kanka, ba da kai nake ba. Maigida ya tsaya a bayana yana kukan mage don ta ɗago. Ta ɗago.

Na ɗauka daga gaba. Na ɗauka daga gefe. Na hau kan kujera, da shekaruna, na ɗauki tsakiyar kan daga sama, kowane layin kitso. Na ɗauki ƙeya, na ɗauki bayan kunne. Na matso na ɗauki ƙululun shi kaɗai, ya cika gilashin. Kowanne sai da na duba shi kafin in wuce. Abin mamaki, ashe in ka ɗauka nan take yake nuna maka. Duk watannin nan. To wa ya gaya min? Auta ta faɗa, in ji Maigida. Ban tuna ba.

Batir ya mutu kafin in gama, kamar yadda na sha faɗa. Wannan kam gaskiyata ce, kuma a rana har gobe tagar ta fi. Sai dai zan riƙa ja da baya.

Mai shago da ya ga ƙululun ya ce, "Mama, har wannan?" Na ce shi za ka fara turawa.

Saƙon da kaina na rubuta, ban ba kowa ba. Ya ci min lokaci, yatsana yana ta danna harafin da ban aike shi ba. Na kwafe shi nan don kada gobe a ce na ce abin da ban ce ba.

"Auta, ga kan 'yarki duka. Na baya kyamara ce ta yanke, ba abin da ya same ta. Wannan ƙululun na jiya ne, ta bi mage ta bugi tebur ina zaune a wurin. Mai kemis ya duba ya ce ba komai. Na iya ɓoye shi, ban ɓoye ba. In kin ce Hajiya ta ɗauke ta, zan haɗa kayanta har da kofinta, in gaya musu maganar kunne. In kin ce ta zauna, ki kira Hajiya da bakinki. Ki ba ni amsa kafin Asabar, kada in ji ta a bakin direba. Kuma ki sa wata ta ɗauke ki hoto ki turo wa mai shago, daga kai har ƙafa, kada a yanke komai. Muryarki ta rame."

Ya tafi tun azahar. Wayar tana cikin zanina, na ƙure mata ƙara. Na wanke kayan Kurciya duka, sun bushe, na ninke. Ban sa su a jaka ba.

Kyamarar tana caji. Na bar gilashin a kunne.